Zanen Layi: Yadda Ake Karanta Shi da Yadda Ake Rubuta Labarinsa

A ƙasar Gabon, bakin Tekun Atalantika, akwai birnin Libarbil (Libreville). Shi ne babban birnin ƙasar. An kafa shi a 1849, aka zaunar da mutanen da aka ƙwato daga wani jirgin masu fataucin bayi. Ma'anar sunansa ita ce garin ƴantattu. A cikin birnin akwai unguwar Mon-Buwet (Mont-Bouët). Ta samo sunanta daga wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Bouët-Willaumez, wanda ya fara ƙulla yarjejeniya da sarakunan bakin tekun a 1839. A wannan unguwa ne kasuwa mafi girma ta birnin take.

A kasuwar Mon-Buwet ana sayar da atamfa, takalma, tukwane, ayaba, rogo, busasshen kifi da kayan miya. Cikin ƴan kasuwar akwai ƴan ƙasa, akwai kuma baƙi daga Kamaru, Benin, Togo, Mali, Senegal, Nijeriya da Nijar. Hausawa sun fi shekara ɗari suna fatauci a Gabon. Na farkonsu ta Kamaru suka biyo, suka zauna a garuruwan arewa kamar Bitam da Oyem.

Ɗan kasuwa a Mon-Buwet yana lura da abubuwa uku: ruwan sama, yawan masu saye, da darajar kuɗi. Babu ɗaya cikinsu da ke tsayawa wuri ɗaya. Wani lokaci su hau, wani lokaci su sauka. Wanda ya san lokacin hawansu da lokacin saukarsu ba ya sarin kaya da ka. Akwai wani irin zane da ke nuna wannan hawa da sauka a fili. Sunansa zanen layi. Da Faransanci ana ce masa «la courbe».

1. Mene ne zanen layi?

Zanen layi yana nuna yadda abu yake sakewa da tafiyar lokaci. Yana da ginshiƙai biyu. Na farko layin kwance ne, daga hagu zuwa dama. Bisa shi ake rubuta lokaci: kwanaki, watanni ko shekaru. Na biyu layin tsaye ne, daga ƙasa zuwa sama. Bisa shi ake rubuta yawan abin da aka auna: milimeta na ruwa, yawan mutane ko kuɗi.

Kowane awo yana samun ɗigo ɗaya. Ɗigon yana zama daidai saman lokacinsa, kuma daidai gaban lambarsa. Idan an gama sa ɗigogi, sai a haɗa su ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama. Layin da ya fito shi ne labarin.

Wannan dabara ta daɗe. Wani mutumin ƙasar Sikotilan, William Playfair, ya buga littafi a 1786 mai ɗauke da irin wannan zane. Da shi ya nuna yawan kayan da Ingila ke saye da wanda take sayarwa shekara bayan shekara. Ya gane cewa ido ya fi saurin kama layi bisa ga jerin lambobi. Gani ya kori ji.

2. Zane na farko: ruwan sama

Ma'aikatan awon yanayi suna da wani mazubi da ake kafawa a fili. Ruwan da ya taru cikinsa ake aunawa da milimeta. Ga matsakaicin abin da aka auna kowane wata a Libarbil da Yamai cikin shekara 30, daga 1961 zuwa 1990:

Janairu: Libarbil 250, Yamai 0
Fabrairu: Libarbil 243, Yamai 0
Maris: Libarbil 363, Yamai 4
Afrilu: Libarbil 339, Yamai 6
Mayu: Libarbil 247, Yamai 35
Yuni: Libarbil 54, Yamai 69
Yuli: Libarbil 7, Yamai 154
Agusta: Libarbil 14, Yamai 171
Satumba: Libarbil 104, Yamai 92
Oktoba: Libarbil 427, Yamai 10
Nuwamba: Libarbil 490, Yamai 1
Disamba: Libarbil 303, Yamai 0

Lambobi 24 ke nan. Da wuya mutum ya riƙe su duka a kai. Amma idan aka maida su zane, sai komai ya fito sarari. Ɗalibi yana ɗaukar takardar kaye mai gida-gida. Bisa layin kwance yana ba kowane wata gida ɗaya. Bisa layin tsaye kowane gida yana tsayawa madadin milimeta 50, watau gida 10 sun kai 500. Yana ja layin Libarbil da shuɗin alƙalami, na Yamai kuma da ja.

Layin Yamai kamar tudu ɗaya yake a tsakiyar fili. Yana kwance ƙasa daga Janairu har Afrilu. Ya fara tashi a Mayu, ya kai ƙololuwa a Agusta, sa'an nan ya sauka. Damana ɗaya ke nan, wadda kowane manomi ya sani.

Layin Libarbil kuwa tozo biyu gare shi, da kwari mai zurfi a tsakiya. Tozon farko yana Maris, na biyu yana Nuwamba, kuma na biyun ya fi tsawo. Kwarin yana Yuli da Agusta. Watau lokacin da manomin Yamai ko Maraɗi yake tsakiyar noma, a lokacin ne Libarbil take cikin raninta.

Layukan biyu sun gicciye juna sau biyu: tsakanin Mayu da Yuni, da kuma tsakanin Agusta da Satumba. Wata uku kawai cikin shekara Yamai ta fi Libarbil samun ruwa. In an tara na shekara duka, Libarbil tana samun kimanin milimeta 2840, Yamai kimanin 540. Ruwan Libarbil ya ninka na Yamai fiye da sau 5. Ruwan watan Nuwamba kaɗai a Libarbil ya kusa kai na shekara guda a Yamai.

Wannan sani yana da amfani ga ɗan kasuwa. Baƙon da ya sauka Mon-Buwet a watan Yuni da buhunan laima da takalman roba, yana zaton damana ce kamar a gida, zai yi wata uku yana jiran mai saye, jarinsa kuma yana kwance. Wanda ya karanta layin ya san cewa sarin irin wannan kaya sai Satumba, gab da saukar ruwan Oktoba.

3. Daga zane zuwa rubutu

Iya karanta zane rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne rubuta abin da zanen ya nuna, yadda wanda bai ga zanen ba zai iya ganin sa a zuci. Kafin ɗalibi ya sa alƙalami bisa takarda, yana yi wa zanen tambayoyi huɗu.

Ta farko: me aka auna, a ina, daga yaushe zuwa yaushe? Amsar tana cikin kan zanen da ginshiƙansa biyu.

Ta biyu: ina layin ya dosa? Ya hau, ya sauka, ko ya miƙe?

Ta uku: da wane irin sauri? Sannu-sannu ko farat ɗaya? Layin da ya ɗan karkata kaɗan yana nuna sauyi a hankali. Wanda ya miƙe tsaye kamar tsani yana nuna sauyi mai sauri.

Ta huɗu: ina ƙololuwa, ina ƙarshen sauka, ina ne layin ya juya?

Amsoshin nan huɗu su ne ƙashin bayan rubutun. Jimlar farko tana faɗin abin da aka auna. Ta biyu tana ba da hoton zanen gaba ɗaya. Sauran jimloli suna bin layin daga hagu zuwa dama, ba tsallake, ba komawa baya. Ba a faɗin kowace lamba. Ana zaɓen masu muhimmanci: ta farko, ta ƙarshe, mafi girma, mafi ƙanƙanta, da ta wurin da layi ya juya. Ga misali:

«Wannan zane yana nuna ruwan saman da ake samu kowane wata a Libarbil. Birnin yana da damana biyu da babban rani ɗaya a tsakiyarsu. A Janairu da Fabrairu ruwan kan tsaya kusa da milimeta 250. A Maris yakan hau zuwa 363, sa'an nan ya yi ta raguwa sannu-sannu har Mayu. Daga Mayu zuwa Yuni yakan faɗi farat ɗaya, daga 247 zuwa 54. A Yuli ne yake kai ƙarshen sauka, milimeta 7 kawai. Daga Satumba yakan tashi da sauri, ya kai ƙololuwa a Nuwamba da milimeta 490, kafin ya sauko zuwa 303 a Disamba.»

Ga shi kuma da Faransanci:

«Cette courbe montre la pluie de chaque mois à Libreville. En janvier et en février, la pluie reste presque stable, autour de 250 millimètres. En mars, elle monte à 363, puis elle diminue peu à peu jusqu'en mai. En juin, elle baisse brusquement. Elle atteint son minimum en juillet, avec 7 millimètres. À partir de septembre, elle augmente très vite et atteint son maximum en novembre, avec 490 millimètres.»

Tsarin bai sake ba, harshe ne kawai ya sake. Ɗalibin da ya iya tambayoyin nan huɗu da Hausa zai iya su da Faransanci. Idan ya shiga kwaleji ya fara Turanci, da wannan tsarin dai zai yi aiki. Sababbin kalmomi kawai zai koya.

4. Zane na biyu: yawan jama'a

Kasuwa ba ta ci sai da masu saye. Lokacin da Gabon ta sami ƴancin kai, ranar 17 ga Agusta 1960, Libarbil ƙaramin gari ce mai mutum kimanin dubu 30. Ƙidayar 1993 ta sami kimanin dubu 420. Ƙidayar 2013 ta sami kimanin dubu 704. A wannan shekara mutanen ƙasar duka miliyan 1 ne da dubu 811, watau kusan mutum 4 cikin 10 a Libarbil suke zaune.

A wannan zane ɗigo uku ne kawai, amma akwai tarko cikinsa. Daga 1960 zuwa 1993 shekara 33 ne. Daga 1993 zuwa 2013 kuwa shekara 20 ne. Ɗalibin da ya bar tazara iri ɗaya tsakanin shekarun uku ya ɓata zanensa. Layinsa zai nuna kamar ƙaruwar ta rage sauri bayan 1993. Dole tazarar da ke bisa takarda ta bi tazarar shekaru. In gida ɗaya yana tsayawa madadin shekara 5, to daga 1960 zuwa 1993 gida 6 ne da rabi da ɗan ɗoriya, daga 1993 zuwa 2013 kuma gida 4.

Lissafi yana tabbatar da haka. A zangon farko an ƙaru da mutum dubu 390. In an raba da 33, ana samun kimanin dubu 12 kowace shekara. A zango na biyu an ƙaru da dubu 284. In an raba da 20, ana samun kimanin dubu 14 kowace shekara. Ashe mutanen da ke ƙaruwa kowace shekara sun fi yawa a zango na biyu. Zanen da aka yi daidai zai nuna layi ya ɗan ƙara miƙewa sama bayan 1993.

Akwai kuma abin lura game da nahawu. Ruwan sama abu ne da ke dawowa kowace shekara, shi ya sa ake cewa «yakan hau», «yakan sauka», da Faransanci kuma a yi aiki da présent. Yawan jama'a daga 1960 zuwa 2013 abu ne da ya riga ya wuce. Nan ana cewa «ya ƙaru», «ya kai», da Faransanci kuma a yi aiki da passé composé: «La population a augmenté.»

5. Zane na uku: darajar sefa

Gabon da Nijar duka da sefa suke ciniki. Takardun kuɗin ba iri ɗaya ba ne, don kowane yanki da babban bankinsa, amma darajarsu ɗaya ce. Shekaru masu yawa faran ɗaya na Faransa yana daidai da sefa 50, watau dala 10. A watan Janairu na 1994, a wani taro a Dakar, aka karya darajar sefa. Daga ranar faran ɗaya ya koma sefa 100, watau dala 20. Haka abin ya tsaya har 1999, lokacin da aka ɗaura sefa ga yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656.

In aka zana yawan sefar da ake bayarwa a sami faran ɗaya, daga 1990 zuwa 1998, layin zai yi kama da matakala mai taki ɗaya. Daga 1990 zuwa 1993 yana kwance bisa 50. A 1994 ya yi tsalle zuwa 100. Daga nan ya sake kwanciya har 1998.

Ɗalibi mai gaggawa zai ga layi ya hau, ya rubuta cewa sefa ta ƙara daraja. Kuskure ne babba. Abin da ya hau shi ne yawan sefar da mutum zai biya. Ɗan kasuwar Mon-Buwet da ke sayo kaya daga Faransa, kayan da dā yake biya da jika ɗaya, bayan Janairu na 1994 sai da jika biyu. Darajar sefa ta ragu da rabi. Shi ya sa tambaya ta farko take gaba da sauran: me aka auna? Hawan layi ba kullum ne albishir ba. In layin yawan hatsi ya hau, manomi ya yi murna. In layin masu zazzaɓi ya hau, sai likita ya tashi tsaye.

6. Abin da zane ba ya faɗa

Zane yana nuna abin da ya faru da lokacin da ya faru. Ba ya faɗin dalili. Dalili daga wani wuri ake samo shi: darasin labarin ƙasa, darasin tarihi, ko bakin masana.

Layin ruwan Libarbil bai faɗi abin da ya sa yake da tozo biyu ba. Labarin ƙasa ne ya bayyana shi. Libarbil tana gab da Ekwata, layin da ya raba duniya gida biyu. Hadarin damana yana bin rana, yana tafiya arewa, yana komawa kudu. Yana ratsa Gabon wajen Maris da Afrilu a hanyarsa ta zuwa arewa. Yana isa Nijar a Yuli da Agusta. Sa'an nan ya sake ratsa Gabon wajen Oktoba da Nuwamba a hanyar komawa. Gabon tana kan hanya, sau biyu hadarin yake wuce ta. Nijar tana ƙarshen hanya, sau ɗaya yake zuwa mata.

Haka nan layin jama'a bai faɗi abin da ya kawo mutane Libarbil ba. Tarihi ne ya nuna cewa kuɗin man fetur, musamman bayan 1973, ya jawo mutanen karkara da baƙin ƙasashen waje zuwa birnin neman aiki da ciniki.

Don haka mai rubutu nagari yana raba abu biyu. Da farko ya faɗi abin da idonsa ya gani bisa zane, da lambobinsa. In ya san dalili tabbas, ya kawo shi a jimla ta dabam. In bai sani ba, ya tsaya ga abin da layi ya nuna. Ba ya kuma cewa layin da ya hau jiya dole ya hau gobe. Layin sefa ya daɗe kwance kafin ya yi tsalle dare ɗaya.

Kalmomi

zanen layi: la courbe
layin kwance: l'axe horizontal
layin tsaye: l'axe vertical
ɗigo: le point
hawa, ƙaruwa: monter, augmenter
sauka, raguwa: baisser, diminuer
tsayawa wuri ɗaya: rester stable
ninkawa sau biyu: doubler
ƙololuwa: le maximum
ƙarshen sauka: le minimum
sannu-sannu: peu à peu, lentement
farat ɗaya: brusquement
daga ... zuwa ...: de ... à ...
sa'an nan: puis, ensuite

Tambayoyi

1. Me ake rubutawa bisa layin kwance? Me ake rubutawa bisa layin tsaye?
2. Tsakanin waɗanne watanni biyu ne ruwan Libarbil ya fi hawa da sauri? Da milimeta nawa ya ƙaru?
3. A waɗanne watanni Yamai ta fi Libarbil samun ruwa?
4. Sau nawa mutanen Libarbil suka ninka daga 1960 zuwa 1993?
5. Don me ba daidai ba ne a bar tazara iri ɗaya tsakanin 1960, 1993 da 2013?
6. Layin sefa ya hau a 1994. Darajar sefa ta ƙaru ko ta ragu? A bayyana dalili.

Aiki

1. A zana layin ruwan Libarbil da na Yamai bisa takarda ɗaya, kowane da launinsa. A rubuta kan zanen.
2. A rubuta jimloli biyar da Hausa bisa layin ruwan Yamai, a bi tambayoyin nan huɗu. Bayan haka a rubuta su da Faransanci.
3. A zana layin sefa daga 1990 zuwa 1998, a bayyana shi cikin jimloli uku.
4. Kowace ranar kasuwa, ɗalibi biyu su tambayo kuɗin tiyar hatsi. A rubuta lambar bisa allo, a sa ɗigonta bisa babbar takarda a bangon aji. Bayan mako 8, kowane ɗalibi ya rubuta labarin layin, ya karanta wa iyayensa a gida.